Me ya haɗa launin shuɗi da abin da ya zo ba zato? Asalin “out of the blue”

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na karanta a wata jaridar Turanci cewa murabus ɗin wani minista ya zo “out of the blue”. Na gane dai ana nufin ba a yi tsammani ba, amma na kasa gane abin da ya haɗa launin shuɗi da zuwan abu ba zato. Wani abokina ya ce teku ake nufi, wai kamar abu ya ɓullo daga cikin ruwa. Haka ne? Kuma daga ina maganar ta samo asali?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abokinka ya yi kusa, amma bai dace ba. Gaskiya ne Turawan Ingila kan kira teku “the blue”, musamman a waƙe, sai dai a wannan magana sama ake nufi, sama garau wadda babu ko ɗigon gajimare a cikinta. Abin da ya sa ta rikita ka shi ne guntuwa ce, an gutsure mata kai. Cikakkiyarta ita ce “a bolt out of the blue” ko “a bolt from the blue”, wato aradun da ta faɗo alhali gari a washe yake. Da bakin mutane ya saba da ita sai aka yar da aradun aka bar shuɗin, kamar yadda mu ma za mu ce “in ka ga gemun ɗan'uwanka…” mu yi shiru, don mun san mai sauraro zai ƙarasa da kansa. Su dai Turawan da yawansu yau sun manta da abin da aka gutsure, suna faɗin maganar ba tare da aradu ta zo musu a rai ba.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ba ta faɗo wa Bahaushe da wuri. Mu ba ma kiran sama da launinta. Shuɗi a wurinmu na baba ne da marina, na rawani da zane. In za mu yi maganar sama sai mu ce gari ya washe, ko sama ta yi garau. Ingila kuwa ƙasar gajimare ce da yayyafi, ranar da suka ɗaga kai suka ga shuɗi zalla rana ce ta sakin jiki, ba wanda zai fita da laima.

Ma'anar ta ɗan fi “kwatsam” zurfi, kuma nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Idan hadari ya haɗu, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, mata suna ta kwashe shanya, sannan tsawa ta fashe, za ka firgita, amma ba za ka ce ba ka ga alama ba. Wannan “suddenly” ne kawai a Turanci. Sharaɗin “out of the blue” shi ne rashin alama gaba ɗaya. Dattijon da ya shekara yana jinya, ranar da ya cika ba a cewa rasuwarsa ta zo haka, ko da kuwa da safe ya sha kununsa. Haka ministan naka. In an yi watanni ana raɗe-raɗin saɓani tsakaninsa da shugaban ƙasa, to ɗan jaridar ya ajiye maganar ba a muhallinta ba. In kuwa jiya aka gan shi yana buɗe sabon ofis yana raha da 'yan jarida, yau kuma sai ga takardar ajiye aiki, ta zauna daram.

Sai kalmar da aka yar ɗin, “bolt”, domin ita ke riƙe da ma'anar. A tsohon Ingilishi sunan wata gajeriyar kibiya ce mai kauri da nauyin kai, irin wadda ake harbawa da bakan nan da ake ɗanawa a kan icce a ja kunama kamar bindiga. Daga nan ta yaɗu ta zama sunan sakatar ƙofa, da ƙusar da makanikai ke ɗaurewa da noti, har da zaburar doki. Sunan ɗan tseren nan na Jamaika, Usain Bolt, dacewa ce kawai aka yi, sunan gidansu ne. To me ya kai kibiya sama? Mutanen da sun ɗauka cewa idan aradu ta tsaga itace ko ta kashe saniya, wani abu ne mai jiki aka harbo daga sama. Har shaida suke da ita a hannu. A da manoman Turai kan tsinci wasu duwatsu masu santsi da baki kamar na gatari a gonakinsu, galibi bayan ruwa ya wanke ƙasa, sai su ce kan aradun ne ya nutse a wurin. Sukan saka su a bango ko a rufin ɗaki wai don kada aradu ta faɗa wa gidan. Kai ma ka san dutsen, shi ne muke kira gatarin aradu. Wani likita na fadar Paparoma, Michele Mercati, wanda ya rasu a 1593, yana cikin na farko a Turai da suka rubuta cewa waɗannan duwatsu kayan aikin mutanen farko ne da suka sassaƙa kafin a san ƙarfe. Littafin nasa ma bai ga ɗab'i ba sai 1717. Imanin ya tafi, kalmar ta zauna.

Za ka iya cin karo da masu cewa asalin maganar daga fagen yaƙi ne, wai kibiya ce ke faɗo wa soja daga sama bai ga maharbin ba. Labari ne mai daɗin ji, amma ban karɓe shi ba. Harsuna da dama suna da wannan magana sak, kuma a cikinsu kalmar da suke sawa walƙiya ce ko tsawa, babu kibiya ko kusa. Zan zo kansu.

Tun kafin a san da wani harshe wai shi Ingilishi, Girkawa da Romawa sun ɗauki tsawa a sama garau a matsayin magana daga babban abin bautarsu, Zeus a wurin waɗancan, Jupiter a wurin waɗannan. Tsawar damina kowa ya san ta, ba ta da labari. Wadda ta zo ba hadari ita ce saƙo. Herodotus, mai tarihin Girka, ya ba da labarin yadda Dariyus ya hau gadon sarautar Farisa a shekara ta 522 kafin haihuwar Annabi Isa. Manyan Farisa su 6 suka yi yarjejeniya za su fita bayan gari a kan dawakai, wanda dokinsa ya fara haniniya da fitowar rana shi ne sarki. Mai kula da dokin Dariyus ya yi dabara, da dare ya kai ingarman wurin ya haɗa shi da goɗiyar da ya fi so. Da safe suna isowa doki ya tuna, ya saki haniniya. Nan take, in ji Herodotus, aka yi walƙiya da tsawa alhali babu hadari, sauran 5 suka diro daga dawakansu suka faɗi suka yi gaisuwa. Maguɗi ne ya ba shi sarautar, tsawa kuma ta rufe bakin masu ja.

A tsohuwar waƙar Homer, mawaƙin Girka, ma akwai wata baiwa mai niƙa da nake son labarinta. Su 12 ne ke niƙa alkama da sha'ir a gidan Odysseus, wanda ya yi shekara 20 ba ya gida, wasu ƙarti suka tare masa a gida suna neman auren matarsa suna cinye dukiyarsa. Sauran bayin sun gama nasu sun kwanta, ita da ta fi su rauni tana kan dutse har gari ya kusa wayewa. Sai ta ji tsawa. Ta tsayar da niƙa, ta ce ai babu gajimare ko'ina, lalle wannan alama ce ga wani, sannan ta roƙi ya zama yau ce rana ta ƙarshe da waɗannan baƙi za su ci garin da ya karya mata gwiwa. Ba ta san maigidan ya dawo cikin shigar almajiri yana jin ta ba. A ranar ya gama da su. Ka ga a waɗannan labarai biyu tsawar bushara ce. Amma takan zama mugun nuni ma: Virgil, mawaƙin Rum, da yake lissafa abubuwan al'ajabi da suka zo da kisan Julius Kaisar, shugaban Rum, a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce ba a taɓa ganin walƙiya ta yawaita daga sama garau kamar a lokacin ba.

Inda labarin ya fi daɗi a wurina shi ne gardamar wasu mawaƙan Rum biyu. Na farko Lucretius, mabiyin falsafar Epicurus, masu cewa alloli ba ruwansu da harkar duniya, komai yana da sababinsa na ɗabi'a. Ya rubuta doguwar waƙa yana bayanin yadda duniya ke tafiya, da ya zo kan aradu sai ya shiga yi wa masu imani da Jupiter tambayoyin shaƙiyanci. In shi ke harbo ta, me ya sa yake ɓarnar ta a daji da teku inda babu kowa? Me ya sa take barin mugu ta faɗa wa mutumin kirki? Me ya sa yake rusa ɗakunan bautarsa da kansa? Sannan babbar tambayar: me ya sa bai taɓa harbowa ba sama tana garau ta ko'ina? Ko sai gajimare ya taru ne yake saukowa cikinsa don ya matso kusa ya daidaita saiti? Wato Lucretius ya kafa hujjarsa a kan cewa aradu ba hadari ba ta yiwuwa.

Bayan shekaru da dama sai ga Horace, wanda ya fitar da kundin waƙoƙinsa a shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa. A waƙa ta 34 ta littafin farko ya ce shi da mai rowar ibada ne, ba ya zuwa sai jefi-jefi, yana ta yawo cikin wata hikima ta hauka, amma yanzu dole ya juya jirginsa ya koma hanyar da ya bari. Dalili? Jupiter, wanda ya saba tsaga gajimare da wutarsa, yau ya koro dawakansa masu tsawa da kekensa ta tsakiyar sama garau. Duk wanda ya karanta Lucretius ya san amsa ce ake ba shi: abin da ka ce ba ya faruwa, ga shi na ji da kunnena. Masana har gobe suna ja a kan ko da gaske Horace ya tuba ko wasa yake da masu karatu, don mutum ne mai son zolaya. Abin da ya shafe mu shi ne yadda ya rufe waƙar. Ya ce abin bauta yana iya mai da na ƙasa sama, ya ƙasƙantar da mai girma, ya fito da wanda ba a sani ba, kuma sa'a takan fizge hular sarauta daga kan wannan ta ɗora wa wancan. A nan ne tsawar sama garau ta tashi daga maganar yanayi ta koma maganar juyin rayuwar ɗan Adam. Kuma ɗaruruwan shekaru duk yaron da ya yi karatu mai zurfi a Turai sai ya bi ta kan Latin, harshen Romawa, Horace kuwa yana cikin waɗanda ake haddacewa. Hoton ya daɗe a kan masu ilminsu kafin ya sami rigar Ingilishi.

Rigar kuwa, mafi tsufan wurin da ƙamusoshi suka saba nunawa shi ne littafin Thomas Carlyle a kan tarihin juyin juya halin Faransa, wanda ya fito a 1837 cikin juzu'i 3. Carlyle mutumin Sikotland ne, an haife shi a 1795, ya rasu a 1881. Jimlar ita ce: “Arrestment, sudden really as a bolt out of the Blue, has hit strange victims.” Wato kame ya sauka, kamar aradu daga sama garau, a kan mutanen da ba wanda ya zata.

Su wane ne? Jacques Hébert da mutanensa. Hébert ɗan jarida ne mai ashar a baki, jaridarsa Le Père Duchesne ita talakawan Faris ke rububi, kuma yana da muƙami a majalisar birnin. Shi ne kullum ke kururuwar a ƙara sare kawuna, a rufe majami'u, a kama duk wanda ake zargi. A lokacin da ake kira mulkin ta'addanci, in ana lissafin masu aika mutane wurin na'urar fille kai, yana sahun gaba. Sai ga shi a tsakiyar watan Maris na 1794 gwamnatin Robespierre, mai riƙe da ragamar juyin a lokacin, ta sa an ɗauke shi cikin dare tare da abokansa, ciki har da Ronsin, kwamandan rundunar juyin juya hali. Ranar 24 ga watan aka fille musu kai. Danton, wani babban jagoran juyin, ya bi su ranar 5 ga Afrilu, Robespierre da kansa ranar 28 ga Yuli. Ka ga daidai abin da Horace ya faɗa ne, na sama ya koma ƙasa, hula ta tashi daga wani kai.

Bari in ɗan ratse, don littafin kansa yana da irin wannan labari. Da Carlyle ya gama juzu'in farko sai ya ba abokinsa John Stuart Mill rubutun hannun ya duba masa. A watan Maris na 1835 Mill ya zo masa gida fuska ba jini, ya ce mai aikin gida ta ɗauka tarkacen takardu ne ta hura wuta da su. Babu wani kwafi. Mill ya miƙa masa fam 200 na diyya, ya karɓi 100, ya zauna ya sake rubutawa daga farko.

Kasancewar Carlyle ne aka fi ambata ba ya nufin daga kansa hoton ya fito. A ganina hanyar ta biyo ta Jamus. Carlyle ya ƙware a Jamusanci, ya fassara Goethe, ya rubuta tarihin rayuwar Schiller, dukansu manyan marubutan Jamus, Jamusawa kuma suna cewa “wie ein Blitz aus heiterem Himmel”, kamar walƙiya daga sama garau. Italiyawa suna da tasu, “un fulmine a ciel sereno”, Rashawa ma suna cewa kamar tsawa a tsakiyar sama mai haske. Duk waɗannan za ka iya cewa daga rijiya ɗaya suka sha, ta Latin. Amma Sinawa ma suna da ita, kuma ba su karanta Horace ba. Ana danganta tasu da mawaƙi Lu You na zamanin daular Song, wanda aka haifa a 1125, daga nan ta shiga Japananci. Abin da Carlyle ya ƙara na kansa shi ne gajartawa. Inda sauran ke cewa “sama garau”, shi ya ce “Shuɗin” kawai, da babban baƙi, kuma wannan gajartar ce ta ba maganar damar sake guntulewa daga baya ta zama abin da ka gani a jarida.

To tsakanin Lucretius da Horace wa ya yi gaskiya? Ilmin yanayi na yau ya raba musu gardama, kuma kowa ya samu rabonsa. Walƙiya tana samuwa ne a cikin dogon gajimaren hadari, irin mai tashi kamar hasumiya ya baje kai a sama, wanda a ƙasashe masu zafi kan haura kilomita 15. A cikinsa iska tana hawa da sauka da ƙarfi, ƙananan ƙanƙara suna gogar juna, sai cajin lantarki ya rabu, wani ya taru a sama wani a ƙasa. Idan bambancin ya yi yawa sai wuta ta tsallaka. Yawancin walƙiya a cikin gajimaren take ƙarewa, wasu su sauko ƙasa a ƙarƙashinsa inda ake ruwa. Amma akwai wata iri da ke fita ta gefen gajimaren daga can sama, ta yi tafiya a kwance cikin sarari mai nisa, sannan ta karyo ta daki ƙasa a inda rana ke haskawa. Masana yanayi sun ari karin maganar suka raɗa mata, “bolt from the blue” suke kiran ta a littattafansu. Takan sauka kilomita 15 daga hadarin, hukumar yanayi ta Amurka ma ta ce an ga wadda ta wuce mil 25, wato kusan kilomita 40. Ƙarar tsawa kuwa ba kasafai ake jin ta ba in ta wuce kilomita 16. Saboda haka mutum yana iya kasancewa a tsaye a fili, bai ji cida ba, hadarin yana bayan dutse ko bayan dogayen gine-gine, sai kawai ta sauka. Horace bai yi ƙarya ba a kan abin da ya ji. Lucretius ma bai yi kuskure ba, hadarin yana nan, idon mai kallo ne bai kai gare shi ba.

Wannan ba maganar littafi kaɗai ba ce ga mai noma ko mai kiwo. Shawarar masana ita ce in dai kana jin tsawa to tana iya kai wa gare ka, kuma bayan ta ƙarshe a jira minti 30 kafin a koma fili. Ga ma'auni mai sauƙi: ƙara tana cin kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3, to in ka ga walƙiya ka ƙirga har ka ji tsawar, ka raba da 3, ka san nisanta. Lokacin da ruwa ya ɗauke, rana ta fito, yara suka fita ƙwallo, hadarin bai gama wucewa ba tukuna.

Wannan bayanin ya sa nake karanta maganar da ɗan taka-tsantsan duk inda na gan ta a jarida. Koma kan Hébert. Ranar 4 ga Maris, kwana 10 kacal kafin a kama shi, shi da mutanensa sun taru a ƙungiyarsu ta Cordeliers, suka lulluɓe allon da aka rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam da mayafi, suka yi kiran a yi bore. Mutanen Faris ba su fito ba. Wanda ya kira bore a kan Robespierre bore bai tashi ba, ai hadari ya gama haɗuwa a kansa. Ga mai sayen jaridarsa a bakin titi ne abin ya zama aradu daga sama garau. Haka yawancin murabus da kora da rushewar kamfanoni suke. Idan ɗan jarida ya rubuta cewa abu ya zo “out of the blue”, abin da ya tabbata shi ne daga inda yake tsaye bai ga gajimare ba. Na cikin ofishin ministan wataƙila sun yi wata guda suna jin cida.

Sojoji ma sun ari maganar. A zamanin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, masu tsara dabarun yaƙi suna kiran harin nukiliya da za a kawo ba tare da wani rikici ya gabata ba “bolt out of the blue”. Makami mai linzami daga wannan ƙasa zuwa waccan kimanin minti 30 yake ci, ba lokacin taro ba na shawara. Da yawansu sun yarda cewa shi ne nau'in harin da ya fi wuyar aukuwa, tunda yaƙi kan biyo bayan tsamin dangantaka ne, amma tsoronsa ya sa daga 1961 har zuwa 1990 Amurka ba ta taɓa rasa jirgin ba da umarni yana shawagi a sama ba, dare da rana, wani ba ya sauka sai wani ya tashi, don ko an rusa hedikwata a ƙasa a sami mai ba da oda.

Yanzu ga yadda za ka yi aiki da ita. Guntuwar da cikakkiyar sun raba aiki. “Out of the blue” bayanin yadda abu ya faru take yi, kuma ba ruwanta da daɗi ko ɗaci. Abokin da kuka rabu tun firamare ya kira ka, “he called me out of the blue”. An ba ka aikin da ba ka nema ba, ita ce. An aiko maka sammaci, ita ce dai. “A bolt from the blue” kuwa suna ce, sunan abin da ya faɗo, kuma da yake aradun tana nan a cikinta ta fi nauyi, an fi sa ta a labarin da ya girgiza mutum: “the news came as a bolt from the blue”. Ba za ka sa ta don maƙwabci ya leƙo ba sallama ba.

Kula da abu biyu. Kada ka yar da “the”. Sannan kada ka ƙara “s”. A Turancinmu na Najeriya “out of the blues” da “from the blues” sun yi yawa, har a manyan jaridu da bakin manyan mutane, wanda ya saba ji sai ya ɗauka haka take. Sama ɗaya ce, ba ta da jam'i a nan. “The blues” wani abu ne daban, ƙunci ne da damuwar zuciya, kuma sunan kiɗan da baƙaƙen fatar kudancin Amurka suka ƙirƙiro. A hira ba wanda zai tsayar da kai, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja mata jan biro. Kada kuma ka haɗa ta da “once in a blue moon”, wadda shuɗi kawai ya haɗa su. Ita waccan abin da ba ya faruwa sai an daɗe take nufi, ko da kuwa an san da zuwansa.

In fassara za ka yi, Hausa ba ta rasa kaya ba, zaɓe ne aikin. Ga kiran tsohon aboki, “kwatsam sai ga wayarsa” ya wadatar. Ga rubutun labarai, “ba zato ba tsammani” ita ce ta kowa, “bagatatan” kuma, wadda muka aro daga Larabci, ta fi zama a bakin malamai. Wanda ya jefo tambayar da ba ta da alaƙa da hirar da ake yi, “kamar daga sama” ya yi maganar. Ga cikakkiyar mai aradu muna da “kamar saukar aradu”, wadda ta ɗauko nauyin dukan sarai, sai dai ba ta ce komai a kan washewar gari ba. Wadda ta fi kama ruhin maganar a ganina ita ce “rana tsaka”: an sallame shi daga aiki rana tsaka, ta rasa mijinta rana tsaka. Akwai haske a cikinta, akwai sakin jiki, ga kuma abin da ya faɗo.

Wadda nake yawan gani masu fassara suna sawa ba daidai ba ita ce “babu gaira babu dalili”. Wannan rashin dalili take nufi, Turancin kuwa rashin alama. Ma'aikacin da aka kora saboda kuɗin da suka ɓace a ofis, alhali bai san ana bincike a kansa ba, korar ta zo masa “out of the blue”, amma da gairarta da dalilinta. In ka rubuta “babu gaira babu dalili” ka wanke shi daga laifi, abin da jimlar Turancin ba ta yi ba. A irin wannan wuri “rana tsaka” ko “ba zato ba tsammani” za ka sa.